Batirin Ajiyar Wuta a Gida: Yadda Yake Aiki da Yadda Ake Auna Ƙarfinsa, Misali daga Fagge da Sabon Gari

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan na'urorin da ke riƙe wa kayan lantarki na gida wuta idan an ɗauke ta na ɗan lokaci. An duba ire-irensu, da lissafin da ya kamata mai saye ya yi, da illar zafin Kano ga batir.

1.0 Gabatarwa

Tun daga watan Nuwamban 2013, kamfanin KEDCO ne ke rarraba wutar lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a kullum. Ke nan ko mai wannan rukuni ya san da sauran awowin da zai zauna ba wuta. Haka kuma, cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa tayar da janareta saboda ɗaukewar rabin awa ya zama asara. A Fagge da Sabon Gari, inda gidaje da shaguna suke a cakuɗe, irin wannan gajeriyar ɗaukewa takan katse wa ɗalibi rubutu a kwamfuta, ta yanke wa ɗan kasuwa intanet ana tsakiyar ciniki. Wannan giɓi shi ne batirin ajiya yake cikewa.

2.0 Yadda Na'urar Take Aiki

Wutar da ke shiga gidajen Nijeriya mai kai-da-komo ce, ƙarfinta kimanin bolt 230, tana kuma juyawa sau 50 a daƙiƙa. Shi kuwa batir miƙaƙƙiyar wuta yake ajiyewa, galibi bolt 12. Don haka kowace na'urar ajiya tana da sassa uku: caja mai cika batir lokacin da akwai wuta, da batirin kansa, da inbata mai mayar da wutar batir irin wadda kayan gida suke sha.

Bambancin ƙaramar na'urar UPS da babbar inbata yana cikin sauri da juriya. UPS takan karɓi aiki cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ta yadda kwamfuta ba za ta mutu ba. Sai dai batirinta ƙarami ne, yawanci bolt 12 da amfiya-awa 7. Amfaninta shi ne ta ba mutum 'yan mintuna ya adana aikinsa, ya kashe na'urarsa lafiya. Inbata kuwa ana haɗa ta da manyan batura domin ta yi awowi.

3.0 Lissafin Ƙarfin Batir

Kuskuren da ya fi yawa wajen saye shi ne duba girman inbata a manta da batir. Inbata tamkar bakin randa ce, batir kuwa shi ne cikinta. Ana gane abin da batir ya ƙunsa ta hanyar ninka bolt da amfiya-awa. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200. Idan na dalma ne, bai kamata a sha fiye da rabinsa ba, wato 600, domin tatse shi ƙarƙaf yana rage masa kwana. Inbata ma tana cin nata rabo ta hanyar zafi, sai abin da ya rage ya dawo kimanin 500.

A ɗauki gida a Fagge mai talabijin na wat 60, da dikoda ta wat 15, da na'urar rarraba intanet ta wat 10, da ƙwayaye uku masu wat 9 kowanne, da fanka ta wat 60. Jimilla wat 172 ke nan. Idan aka raba 500 da 172, za a ga batirin zai yi kusan awa uku. Da an jona dutsen guga mai wat 1,000, rabin awa ma ba zai cika ba. Saboda haka hikimar ita ce a ware layin kayan da ba su da ci, a bar masu ɗumama abu a layin wutar gari.

4.0 Dalma ko Litiyam

Batirin dalma tsohon hannu ne, domin wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro shi a 1859. Yana da araha, amma yana da nauyi, kuma ba ya shiri da zafi. An auna ƙarfinsa ne a ma'aunin zafi 25, kuma ƙa'idar da masana suka sani ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba kwanansa biyu. A Kano, inda zafin watan Afrilu kan kai 40, batirin da aka kulle a ɗaki marar iska zai mutu tun kafin lokacinsa.

Batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, ya fi tsada a ranar saye. Amma ana iya shan kashi 80 cikin ɗari na cikinsa ko fiye, yana saurin cika, yana kuma jure caji da saukewa sau dubbai. Saurin cikar nan yana da muhimmanci a unguwar da wuta ke zuwa tana tafiya.

5.0 Kiyaye Haɗari

Mazauna wannan yanki ba su manta gobarar da ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba. Batir yana iya fitar da wuta mai yawa nan take, don haka siririyar waya da rashin fis haɗari ne babba. Batirin ruwa yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, bai dace a ajiye shi a ɗakin kwana ba. Mataccen batir kuma kada a fasa shi a gida ko a bar yara su yi wasa da shi, domin dalma guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yaro. A mayar da shi ga dillalan da ke karɓa.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kafin mutum ya nufi shagunan Titin Faransa, ya kamata ya rubuta wat ɗin kayan da yake son riƙewa da awowin da yake buƙata, ya ninka su. Wannan lissafi ne zai nuna masa ko ƙaramar UPS ta ishe shi, ko sai ya haɗa da inbata da babban batir, da kuma wane irin batir ne zai jure ɗakin da zai ajiye shi.