Bashin Kuɗin Haya: Ba A Korar Mutum Sai Ta Hanyar Doka

A kasuwar Kwanar Dangora da garuruwan Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, yawancin masu haya da baki ake ƙulla maganarsu, wasu kuma sai kaka ta yi suke biya. Idan damina ta ƙi, bashi ya taru, sai ka ga mai gida ya sa kwaɗo a ƙofa, ko ya kware kwano, ko ya watso kaya waje. 'Yan'uwa, doka ba ta yarda da haka ba. Tun 1986 Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin Legas kanta saboda fitar da Ojukwu daga gida da ƙarfi alhali magana tana gaban kotu.

Ga matakan da doka ta sani. Da farko a ba ɗan haya takardar notis. Idan ba a yi wata yarjejeniya dabam ba, mai biyan mako ana ba shi kwana 7, mai biyan wata wata 1, mai biyan shekara wata 6. In wa'adin ya cika bai tashi ba, sai a ba shi takarda ta biyu ta kwana 7, mai cewa za a kai shi ƙara. Bayan nan ne sammaci. Kotu ce kaɗai ke ba da umarnin fitarwa, ma'aikatanta kuma su zartar.

Kurakuran da suka fi ɓata ƙara su ne:

1. Rage kwanakin notis.
2. Tsallake takarda ta biyu.
3. Wakili ya sa hannu ba tare da rubutaccen izinin mai gida ba.
4. Rashin shaidar cewa takardar ta isa hannun ɗan haya.

Amma kada ɗan haya ya saki jiki. Kuskuren takarda ba ya share bashi, jinkiri kawai yake kawowa. A 2021, a shari'ar kamfanin Pillars da Desbordes, Mai Shari'a Ogunwumiju ta Kotun Ƙoli ta bayyana cewa isar takardar ƙara tana iya gyara kuskuren notis.

Shawararmu ita ce: karɓi rasit duk lokacin da ka biya, ko kaɗan ne. Rubuta ranar da kowace takarda ta zo maka. Kada ka ƙi zuwa kotu, domin ana iya yanke hukunci a bayan idonka. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar Legal Aid da ke Kano.

Mai gida ma yana da hakki, wataƙila da kuɗin nan yake ciyar da iyalinsa. Kafin a kai ga kotu, a zauna gaban mai unguwa ko dagaci, a tsara biya kaɗan-kaɗan, a rubuta, shaidu su sa hannu.