Bahon Kusurwa Da Shawa A Ƙaramin Banɗaki

Yau zancenmu na banɗaki ne. Sau da yawa maigida ya kan sayo kayan banɗaki, ma'aikata su kafa, uwargida ba ta gani ba sai ranar tarewa. Alhali kuwa ita za ta riƙa wanke wurin, ita za ta yi wa yara wanka a ciki, ita ce kuma za ta ji jiki ran da famfo ya ɗauke. Saboda haka in ana shawarar sa bahon nan na kusurwa mai haɗe da shawa, ki sa baki tun kuɗi ba su fita ba.

Bahon kusurwa shi ne wanda gefensa biyu ke jingine da bango, gabansa kuwa a lanƙwashe. Masu sayarwa su kan ce wai ba ya cin wuri. To, a yi hattara da wannan magana. Ƙaraminsa ya kan ci kamar ƙafa 4 ta kowane bango, babba har ƙafa 5. Dogon baho kuwa, ko da ya ke tsawonsa ƙafa 5 da rabi ne, faɗinsa bai kai ƙafa 2 da rabi ba. Watau in banɗakin siriri ne, dogon ya fi dacewa. Na kusurwa sai inda babu bangon da zai ɗauki dogon. Kafin a tafi kasuwa, ki sami alli ki zana girman bahon a ƙasa, sa'an nan ki buɗe ƙofa, ki aje bokiti, ki tsuguna kamar mai yi wa yaro wanka. In kin takura a kan zanen alli, ƙwarai za ki fi takura in bahon ya zauna. Ku 'yan makaranta, ga inda lissafinku zai yi rana. Ku auna har da faɗin ƙofa, don kada a kawo kaya ya ƙi shiga.

Babbar magana ita ce ruwa. Kafin baho ya cika yadda mutum zai kishingiɗa, sai an zuba kamar lita 150 zuwa 200. Jarkar 'yan garuwa mai lita 25, ke nan jarka 6 zuwa 8 a wanka guda! Shawa ta minti 5 ba ta kan wuce jarka 2 ba, bokiti kuwa ko ɗaya ba ya shanyewa. Gidan da ke sayen ruwa, bahon zai koma wurin jiƙa wanki, ko ma'ajin bokitai, an yi asarar kuɗi da wuri. A irin wannan gida ni dai na fi son a yi shawa kaɗai a kusurwar, a sa famfo ƙasa-ƙasa domin alwala da tarar ruwa.

Shawa kuma ba ta zuba da ƙarfi sai tanki ya yi sama da kanta sosai. In tankin yana dab da rufi, sai ɗigo kamar na indararo bayan ruwa ya ɗauke. Haka nan hita mai lita 30 ko 50 ba za ta cika baho da ruwan ɗumi ba lokacin hunturu.

Ko da an sa baho, kada a yarda a bar shawar, musamman ta hannu mai tiyo. Ruwan da sabulu ya jirkita ba a wankan ibada da shi, sai mai tsarki. Da tiyon ne kuma za ki ɗauraye can lungun bahon, inda hannu ba ya kaiwa sai an shiga ciki.

Wajen saye, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko wata kasuwa, za ki tarar da na roba da na ƙarfe mai farin fenti irin na kwanukan jere. Na roba ba nauyi, ba ya kuma sanyi, amma ki danna tsakiyarsa da hannu. In ya lotsa, ki bar musu abinsu. Ba a goge shi da toka ko soson ƙarfe, sai ya kakkarce ya riƙa kama dauɗa. A duba ƙasansa ya kasance mai ƙurzunu, gama santsin sabulu ya kan kā da babba, kuma tsallaka bakin baho wuya ne ga tsohuwa da mai ciki. A kafa musu maƙama a bango. Yaro kuwa, kada a bar shi a ciki shi kaɗai ko da na zuwa ɗauko tawul ne. Ruwa kaɗan ya isa ya halaka jariri.

Ran da mai gyaran famfo zai kafa, ki ce ya sa lanƙwasasshen bututun nan da ke riƙe ruwa ƙarƙashin magudana, shi ke tare warin masai da kyankyasai. Ya kuma bar ɗan murfi a gaban bahon, don in bututu ya yi yoyo a gyara ba sai an fasa tayil ba.