Ƙiba ta iso Manga

A Manga, kusa da Zuru, gona ce ta daɗe tana sassaƙa jikin mutane. Saurayin Dakarkari da ya yi golmo, yana yi wa surukinsa noma shekara da shekaru kafin a ba shi mata, ba shi da inda zai ajiye kitse. 'Yan kokawar bikin Uhola ma ƙwanji suke nema. Shi ya sa idan ɗan gari ya dawo daga birni da tumbi, sai a tarbe shi da murna: "Lallai hutu ya karɓe ka!"

Wannan murnar ce ke damuna. Tsohon soja, irin waɗanda ƙasar Zuru ta yi suna da su, ya ajiye kaki ya bar fareti, amma malmalar tuwonsa tana nan yadda take. Babur ya ɗauke tafiyar ƙasa. Shayi mai kaurin sukari da lemon kwalba sun zama abin karrama baƙo. Bayan 'yan shekaru sai gwiwa ta fara ciwo, hawan jini da ciwon suga su biyo baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙibar da ta wuce kima. Mai tsawon mita 1.7 da ya kai kilo 87 ya shiga sahunsu. A Turai da Amurka ana allurar semaglutide mako-mako don rage ƙiba, ko a yi tiyatar rage tumbi. Kuɗinsu ya fi ƙarfin manomi, kuma yawancin masu barin allurar nauyinsu yakan dawo. Abin da hannun mutumin Manga zai kai shi ne awo a asibitin Zuru, rage sukari da mai, ƙara ganye a miya, da tafiyar ƙafa kullum. Zubar da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi yakan sassauta hawan jini da suga.

Sai kuma masu sayen ƙibar da kuɗinsu. Amarya ko matar da ake yi wa gorin rama takan nemi "sha ka fashe" a kemis, wanda sau da yawa dexamethasone ne. Yana kumbura fuska, ya tayar da suga, ya raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke shi rana ɗaya, domin hakan na iya kayar da ita. Likita ne zai riƙa rage mata shi sannu a hankali.