Shin Ko Kun San? Daga Gonakin Tasawa da Mayahi Zuwa Littattafan Masana

Shin ko kun san cewa kabar da mata ke saƙa tabarma da faifai da ita, da gorubar nan mai tsayi da yara ke jifa, itace ɗaya ce? Kaba goruba ce da ba a bari ta girma ba. Daga gare ta Gulbin Kaba ya samo sunansa, wato kwarin nan da ya ratsa ƙasar Mayahi. A 2008 Régis Peltier na cibiyar CIRAD ta Faransa da abokan aikinsa suka wallafa bincike a kan wannan kwari, inda suka nuna cewa manyan gorubai na raguwa saboda ana yankar ganyen ƙananan tun ba su ɗaga daga ƙasa ba. Shawararsu mai sauƙi ce: a kowane cunkus na kaba, manomi ya ware 'yan tsiro ya hana a taɓa su har su yi gangar jiki. Goruba na cikin 'yan dangin dabino ƙalilan da gangar jikinsu ke rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, kuma an tarar da 'ya'yanta a kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar.

Shin ko kun san cewa sassabin zamani, wanda yau ake koyar da shi a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, a gonakin jihar Maraɗi ya yi ƙarfi? A 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya sha fama da dashen itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa 'yan kurmin da manoma ke sharewa kafin damina toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi rassa masu ƙarfi aka bar su, aka sassabe sauran, cikin 'yan shekaru sai ga itace tsaye, ba shuka, ba ban ruwa. Bayan shekara ashirin da wani abu, Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya gwada tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 da sababbin hotunan tauraron ɗan Adam. Shi da Chris Reij da masanan Nijar irin su Mahamane Larwanou suka ƙiyasta cewa fili mai faɗin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram ya sake yin itatuwa, kimanin itace miliyan 200. Rahoton da suka fitar a 2009 ya ƙiyasta ƙarin hatsi tan 500,000 a kowace shekara albarkacin wannan. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye, maƙwabciyar Tasawa, ya yi suna saboda kwamitin sa-ido da mutanensa suka kafa don hana ɓarayin itace. An ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, ya kuma cancanta. Amma a ganina, duk wanda zai ba da wannan labari ya fara da manomin da ya jure dariyar maƙwabta suna ce masa mai ƙazamar gona, domin da addarsa aka yi aikin.

Tun da muna maganar itace: a 2023 mujallar Nature ta buga aikin wasu masana da suka sa kwamfuta ta ƙirga itatuwa ɗaya bayan ɗaya daga hotunan sama, tun daga gaɓar tekun Atlantika har zuwa Bahar Maliya. Sun samu kusan biliyan 10 a wannan yanki da ake yi wa kallon fako.

Gawo fa? Kowa ya san yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Binciken cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ya nuna cewa bayan takin ganyensa da kashin dabbobin da ke kwana a gindinsa, 'yar inuwar rassansa na rage zafin ƙasa a daidai lokacin da tsiron hatsi ke da rauni. Shi ya sa hatsin gindin gawo ke fin na fili.

Shin ko kun san cewa akwai ƙwaron da ake kiwo don ya kashe ƙwaro? Murzuna, tsutsar nan da ke murɗa hanya a jikin zangarniyar gero tana cinye ƙwayar, ta daɗe tana sa manoma kuka. Farfesa Ibrahim Baoua na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, da Malick Ba, lokacin yana ICRISAT, da masanan cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, sun yi shekaru suna aiki da wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor. Macensa kan harbi tsutsar ta sandare, sannan ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Dabarar ita ce a ɗauki ƙaramin buhun algarara a zuba gero, a sa tsutsotsin wani asu guda 25 da matan ƙwaron 2, a rataya buhuna 15 a kewayen gari lokacin da gero ke fid da kai. Ƙwarin su hayayyafa su bazu cikin gonaki. Binciken ya nuna ƙarin amfanin gona da ya kai kashi 34 cikin 100, ba tare da fesa ɗigon magani ba.

Shi dai Baoua yana cikin waɗanda suka gwada buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro don ajiyar wake. Da ana zaton rashin iska kaɗai ke kashe ƙwaron wake a cikinsa. A 2012 aka gano cewa ƙishirwa ce ke gama da shi: ƙwaron na samun ruwan jikinsa ne daga sarrafa abincin da ya ci, sarrafawar kuma na bukatar iska, to in iska ta ƙare sai ya bushe. Saboda haka ƙaramar huda a ledar ciki ta isa ta ɓata ajiyar, kuma ɗaure bakin kowace leda daban wajibi ne.

Ga wani da zai ba wasu mamaki. Matan ƙungiyar manoma ta FUMA Gaskiya a Maraɗi sun gwada fitsarin ɗan Adam da aka rufe a jarka na kimanin wata uku a matsayin taki. Sun raɗa masa suna Oga don kada kunya da ƙyama su hana a yi zancensa a bainar jama'a. Hannatou Moussa ta INRAN da abokan aikinta sun bi gwaji 681 daga 2014 zuwa 2016, suka buga sakamakon a 2021: gero ya ƙaru da kimanin kashi 30 cikin 100. Matan da gonakinsu ke nesa da gari, ƙasar ta gaji, kuɗin takin zamani kuma babu, su suka fi cin moriyarsa.

Shin ko kun san geron Nijar ya sauya hali cikin shekara 27? Masanan IRD na Faransa da na Jami'ar Abdu Mumuni sun shuka irin da aka tattara a ƙauyuka a 1976 gefe da gefe da wanda aka sake tattarawa a waɗannan ƙauyuka a 2003. Sunayen irin ba su sauya sosai ba, amma na 2003 ya fi saurin fid da kai. Ashe a shekarun fari, manomi da ke ware zangarniyar da ta nuna don iri, yana gyara irinsa daidai da gajeruwar damina.

Ga kuma jar akuyar Maraɗi, mai yawan haihuwar tagwaye, wadda fatarta ke ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko: likitocin dabbobi da suka yi nazarinta sun rubuta cewa a ƙasar Tasawa aka fi samun tsantsarta.

A fannin lafiya kuwa, gundumar Madarunfa ta zama wurin da duniya ke jiran sakamako daga gare shi. A nan cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitocin MSF, tare da ma'aikatar lafiya ta Nijar, ta gwada rigakafin gudawar yara mai suna Rotasiil a kan jarirai fiye da 3,500. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna yana kare kimanin kashi 67 cikin 100 daga gudawa mai tsanani ta ƙwayar rota. Babban abin shi ne yana jure zafi, har wata 6 a digiri 40, wanda duk ma'aikacin lafiyar ƙauyen da ba wutar lantarki ya san darajarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2018. A Madarunfar dai, lokacin annobar sanƙarau ta 2017, an raba wa mutanen wasu ƙauyuka gaba ɗaya ƙwayar ciprofloxacin sau ɗaya tak da zarar cutar ta ɓulla, kamuwa ta ragu da kashi 60 cikin 100. Ita ma Tasawa tana cikin wuraren farko a Nijar da aka gwada ba magidanta marasa ƙarfi kuɗi a hannu lokacin da rumbu ya yi ƙasa: a 2008 ƙungiyar Save the Children ta yi haka da gidaje 1,500, ta kuma bi sawu ta ga yadda abincin yara ya sauya.

Sai tarihi. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Tasawa kan hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, a nan kuma suka rabu da abokinsa Overweg wanda ya nufi Maraɗi da Gobir.

Shin ko kun san cewa a ƙasar Tasawa ne rundunar Faransa mafi zubar da jini a tarihin Nijar ta tarwatse? Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine sun taso daga yamma a 1899 suna ƙona garuruwa, sun yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, sun yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni, sun kashe mata da 'yan mata a Koran Kalgo. Faransa ta turo Kanar Klobb ya karɓe rundunar, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli. Cikin kwana uku sojojinsu baƙaƙe suka kashe su biyun a Maijirgi, inda kaburburansu suke har yau. An ruwaito cewa a 1923 wani jami'in mulkin mallaka a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa an tona su aka tarar ba kowa ciki. Masanin tarihi Bertrand Taithe ya fitar da littafi a kan wannan a 2009, a 2020 kuma fim ɗin African Apocalypse ya ɗauko muryoyin jikokin waɗanda abin ya shafa.

Yawancin abin da aka rubuta a kan wannan ta'asa daga takardun Faransawa aka ciro shi, alhali a Maijirgi da Dankori da Koran Kalgo akwai tsofaffin da suka ji labarin daga bakin kakanninsu. Ɗalibanmu na Tasawa da Mayahi da ke jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Yamai, wayar da ke aljihunku tana ɗaukar murya. Idan kun je hutu gida, ku durƙusa gaban dattawan nan ku ɗauki abin da suka sani, ku rubuta shi da Hausa, ku sa sunan gari da ranar da aka faɗa muku.