Ko Kun Sani?

A 1916, sojojin da Faransa ta ɗiba daga Afirka ta Yamma, har da 'yan Nijar, suna bakin daga a Turai sanye da hular kwano mai suna Adrian. An fara raba ta a 1915, saboda ɓaraguzan bam da ke fasa kawunan sojoji a cikin ramukan yaƙi. Nauyinta bai kai kilo ɗaya ba. Alamar goshinta ke nuna rundunar mai ita, ta sojojin mulkin mallaka kuwa ƙugiyar jirgin ruwa ce. Masu tara kayan tarihi sun fi daraja wadda ke da fentinta na asali. Duk wanda ya gaji irinta daga kakansa, kada ya sake mata fenti.