Shaddar da ta bar jiki ta hau bango

A Zongon Kwatano, tela na gama yanka shadda yaron shago zai share ƙyallayen ya zubar. To, da irin wannan yadin Abdoulaye Konaté, ɗan Mali da aka haifa a 1953, ya yi suna a duniya. Rinanniyar shadda ake yayyankawa siri-siri, a jera ta launi bisa launi har ta rufe bango guda. A aikinsa kan Isra'ila da Falasɗinu har layu ya haɗa, kamar mai cewa kowane ɓangare tsari yake nema.

Nan Benin ma yadi ya daɗe yana magana. Maɗinkan Abomey kan ɗinka bauna don Sarki Gezo, zaki don Glele. Sai dai nasu kirarin sarakuna ne, shi kuwa Konaté yaƙe-yaƙe da cutar ƙanjamau yake kai wa allura.