Jinyar taɓin hankali a ƙasar Arewa: dabarun bokan bori da tunaninsa

A ƙasar Arewa, daga Matankari zuwa Dogon Dutsi har Tibiri, idan mutum ya daina barci, ya ƙaurace wa jama'a, ko mace ta yi ta ciwon da ya ƙi jin magani, dangi sukan ce iska ta taɓa shi. Asibitin ƙasa na Yamai, inda sashen masu taɓin hankali yake, yana da nisan kilomita kusan 270 daga Dogon Dutsi. Saboda haka tun kaka da kakanni ƙofar bokan bori ake fara bugawa.

Aikin boka yana farawa da tambaya. Yakan zaunar da majinyaci tare da danginsa, ya bi diddigin mafarkinsa, da zaman aurensa, da gonar gado, da alkawarin da iyaye suka ɗauka wa iskokin gida aka manta da shi. Sa'an nan ya ba da saiwoyi na sha da na wanka, da turare, ya faɗi dabbar da za a yanka. In ciwo ya ƙi tafiya, sai a shirya gyara, wadda mutanen Maraɗi ke kira girka. Majinyaci yakan yi kwana 7 a tsare, ana goge da kiɗan ƙwarya, har iska ta hau dokinta, ta faɗi sunanta da abin da take bukata.

Tunanin da ke ƙarƙashin wannan aiki shi ne, ba a korar iska, shiri ake yi da ita. A wurin boka, ciwo alama ce ta zumuncin da ya ɓaci, don haka gida duka ake yi wa magani. Majinyaci ba ya ɗaukar laifin halin da ya shiga, kuma yana fitowa da sabuwar ƙungiya, ƴan bori, waɗanda za su riƙa tallafa masa muddin ransa.

Masana sun daɗe da lura da haka. A 1972 Jacqueline Monfouga-Nicolas ta buga nazarinta kan borin Maraɗi, ita kuwa Adeline Masquelier ta zauna a Dogon Dutsi a 1988 da 1989, littafinta ya fito a 2001. Likitoci ma sun ɗauki darasi daga irin wannan hikima. A 1954 Dokta Lambo ya sauke majinyata da danginsu a ƙauyen Aro na Abekuta, yana aiki da masu maganin gargajiya. A asibitin Fann na Dakar, Dokta Henri Collomb ya sa ana kwantar da majinyaci tare da ɗan'uwansa, ana kuma taruwa a tattauna kamar a fadar gari.

Amma hanyar boka tana da iyaka. Gyara tana cin dukiya: dabbobi, da tufafin iskoki, da ladan makaɗa. Farfaɗiya da zazzaɓin sauro mai hawa kai suna kama da taɓin iska, alhali kuwa maganinsu yana gidan likita, jinkiri kuma yana iya kashe yaro. Ban da haka bori ya ja baya a garuruwa, musamman tun shekarun 1990 da wa'azin Izala ya yi ƙarfi, mutane da yawa suka koma ga malamai masu rukiyya, waɗanda su fitar da aljani suke yi.

Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira a koya wa ma'aikatan ƙananan gidajen likita kula da masu taɓin hankali kusa da gida. Idan ma'aikacin lafiya na Tibiri ko Dogon Dutsi ya haɗa maganinsa da haƙurin sauraro, ya kuma jawo dangi cikin jinya kamar yadda boka ke yi, majinyaci zai samu sauƙi a tsakanin ƴan'uwansa ba tare da an ɗaure shi a turu ba.